Dabinon da Kaka Bai Ci Ba

Ranar da aka kai Kaka makwancinsa, gidanmu na Dakoro ya cika har takalma suka hau kan juna a bakin zaure. Ina zaune cikin mata, bayana jingine da bangon ɗakin Iya, matarsa, ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, har kalmar ta bushe a bakina.

Wata maƙwabciyarmu ta zauna kusa da ni, ta ja kwanon tuwon sadaka gabanta. Ta yi loma, ta lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta girgiza kai.

"Allah sarki, tsohon kirki. Sai dai kwaɗai. An hana shi, an hana shi, bai ji ba."

"Jinin arewa ne," in ji ta kusa da ita. "Su da sukari sai mutuwa. To ga ta nan."

Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da gefen lulluɓi. A waje maza suna ƙarƙashin rumfa, an ɗora musu shayi, ina jin ƙarar cokali a gwangwanin sukari. Wani ya kurɓa da ƙarfi ya ce, "Wanga abu shi ya kashe shi," sannan ya miƙa kofi a ƙara masa. Ƙudaje sun baibaye bakin kwanoni. Na tashi na shiga bayan ɗaki na tsuguna, ban yi amai ba, ban kuma yi kuka ba.

Tun ranar nake son in rubuta shi. Ba na tsoron a manta da Kaka. Abin da nake tsoro shi ne a tuna da shi yadda waɗannan bakunan suke tuna shi.

Kaka mahaifin babana ne. Dogo ne, siriri tun yana saurayi, in ya naɗa rawani sai ka ga kamar rawanin ya fi shi nauyi. Kakanninsa daga bakin hamada suka gangaro suka kama noma, shi kuwa bai ga abin so a gona ba, ya zama dillali a kasuwar bisashe. Aikin dillali a garinmu ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa. Baƙo zai zo da saniya daga daji, ba wanda ya san shi, ba wanda ya san ko tasa ce ko ta sata. Sai dillali ya ɗora hannu a gadon bayanta ya ce, "Ni na tsaya mishi." Shi ke nan. Ba takarda, ba rantsuwa. Kaka bai mallaki garke ba, bai gina soro ba. Wannan maganar ce kaɗai dukiyarsa, da ita ya ciyar da gida.

Ina ƙarama na taɓa kai masa fura kasuwa, na tarar wani mahauci ya ƙyalla ido kan wata akuya mai sheƙi. Kaka ya buɗe bakinta ya nuna masa. "Tsohuwa ce. In nama kake so mai taushi, wuce gaba." Mai akuyar ya tashi kamar zai doke shi. Kaka bai ko dube shi ba, ya ce, "Zamna. Akwai mai neman uwar garke, yana tahe." Da la'asar mai neman ya zo.

Ni kuwa amaryarsa ce, kamar yadda kowace jika take ga kakanta. In na dawo daga lakwal, makarantar bokon da muke ce wa malaminta mushe, sai ya ɗaga murya: "Amarya, ina abincina? Kin tahi wajen mushe kin bar miji da yunwa." In ce, "Tsoho, na sake ka tun jiya, ba ka da haƙora." Ya ce, "Mace ba ta saki. Koma ki tambayi mushen naki." Ya san ina son kallon sama, ina tsayawa a tsakar gida in manta abin da aka aike ni. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai ya zo ya tsaya gefena, ya ɗaga kai shi ma, ya ce, "Wancan gajimaren, nawa za ki sayar mini?"

A shekarar da fari ya cinye dabbobin daji, wani Bafillace ya shigo gari da sandarsa kawai, shanunsa duk sun kwanta a hanya. Kaka ya same shi zaune a gindin katangar kasuwa, ba ya magana da kowa. Bai tambaye shi komai ba. Ya kawo shi zaurenmu, ya hura gawayi, ya dafa masa shayi. Mutumin ya zauna da mu har ruwa ya sauka, kuma Kaka ya bi abokansa ɗaya-ɗaya har aka haɗa masa 'yan karsana na aro ya koma daji. Tun daga nan ya zama amininsa. Mu yaran gida Baffa muke ce masa.

Shayi kuwa, Kaka ba ya dafa shi da gaggawa. Yana da 'yar buta shuɗiya da ɗan murhun waya da ƙananan kofuna. Yana ɗaga butar sama, ruwan ya zubo siriri kamar zare, kumfa ta taso fara. Ya ɗanɗana, ya mayar, ya sake ɗagawa. Rabin cinikin da ya ƙulla a rayuwarsa a bakin wannan murhun aka ƙulla shi.

Ciwon ya zo masa da ƙishirwa. Randa ba ta isarsa, bayan ɗaki ba ya hutawa, ga rama a jikin da dama ba shi da abin ramewa. Baba Babba, babban ɗansa, mai shago a bakin tasha, ya kai shi wajen wani majo, ma'aikacin jinya mai ɗan ɗakin magani nasa. Majo ya soki yatsarsa, ya duba na'ura, ya ce diyabet ne, ciwon sukari. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce ba sukari, ba dabino, ba zuma.

Kaka ya ce to. Daga ranar bai ƙara kai kofi bakinsa ba. Amma bai daina dafawa ba, don baƙi ba su daina zuwa ba. In ya zo wajen ɗanɗanawa sai ya miƙa wa na kusa da shi: "Ara mini harshenka." Mutane suka mai da abin wasa.

Sai dai na'urar majo ba ta sauka ba. Kowane zuwa, lambar sama take yi. Aka ƙara ƙwayoyi, aka sake wasu, Kaka yana ta zubewa kamar ana zare shi daga cikin rigarsa. Wata safiya ina hutu daga jami'a a Maradi na raka su. Majo ya dubi na'urar, ya dubi Kaka, a gaban layin mutane ya ce:

"Tsoho, kana sata."

"Ban sha ba."

"Maganin nan yana aiki ga kowa. In bai yi gare ka ba, akwai abin da kake kaiwa baki. Na'ura ba ta ƙarya."

"Ni ma ba ni yi," in ji Kaka.

Mutanen layi suka yi dariya. Har yau in na tuna haƙoran da aka buɗe a wurin nan, sai in ji kamar na taka wani abu mai laushi da ƙafa ba takalmi.

Abin da ya gama da shi a gida kuwa, ƙamshi ne. Wata rana da hantsi Iya ta sunkuya tana gyara masa matashi, ta ji bakinsa yana fitar da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar dabinon da ya jiƙa ya fara lalacewa. Iya ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta. Ta aika aka kira Baba Babba. Ya zo, ya sunkuya, ya shinshina bakin mahaifinsa kamar yadda ake yi wa yaron da ake zargi da shan taba. Gwaggo, ƙanwar Baba Babba, ita ma ta zo ta shinshina. Suka ɗaga tabarma, suka zazzage aljihun riga, suka kwance rawaninsa suna lalube. Tsoho yana zaune da kai a buɗe, furfurarsa a waje, yana kallon bango.

Ba su ga ko ƙwallon dabino ba. Gwaggo ta ce, "Haɗiyewa yake da ƙwallon."

"Baba, don Allah," in ji Baba Babba. "Kashe kanka kake so ka yi? Mu muna ta wahala, kai kana ci a ɓoye?"

"Na ce maka ban ci ba."

"To wanga ƙamshi daga ina? Daga sama?"

"Ban sani ba."

"Ka ji tsoron Allah, Baba. Da girmanka."

Kaka ya juyo ya dube shi. "Ni ka kira maƙaryaci? Da wace magana na ciyar da kai har ka yi gemu?"

Baba Babba ya miƙe. Ya tattara buta da murhu da kofuna ya kai shagonsa ya kulle. Ranar kasuwa kuma ya tafi inda dillalai ke zama, ya roƙe su: kada wanda ya ba tsohon shayi ko dabino, yana sha a ɓoye, sannan ya zo gida ya rantse. Na san don ƙauna ya yi. Shi ya ɗauki nauyin magani, shi yake goya tsohon in ƙafa ta ƙi. Amma ƙaunar tasa ba ta tsaya ta tambayi kanta ko mutumin nan ya taɓa yi mata ƙarya ba.

Maganar ta zaga kasuwa kafin azahar. Kasuwa ta gaba Kaka ya lallaɓa ya je. Ya ɗora hannu a bayan wani bijimi ya ce ya tsaya wa mai shi. Mai sayen, wani yaro da bai kai ɗan cikinsa ba, ya ce, "Baba, wanda ke ɓoye wa iyalinshi dabino, ya za a yi da maganar bijimi?" Aka kwashe da dariya. Kaka ya ɗauke hannunsa, ya dawo gida, bai ƙara taka kasuwa ba. Ya daina ce mini amarya. In na tsokane shi sai ya ce, "Je ki, ɗiyata, na gaji."

Da damina ta kusa, wata rana da rana tsaka ya fara amai, numfashinsa ya yi zurfi, ya daina gane mutane. Aka ɗauko mota aka yi Maradi da shi. Ni na yi jinyarsa, don ina garin kuma ina jin faransanci. Aka sa masa ruwa, aka fara yi masa allurar insilin, a hankali ya dawo.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Da ya farfaɗo ta zauna a bakin gadon ta tambaye shi da Hausa, "Baba, kana shan sukari?"

Ya juya fuska. "Ban sha ba."

"To," ta ce, ta ci gaba da tambayarta: ya taɓa yin ƙiba? Tun yaushe ƙwayoyin suka daina kama shi?

Kaka ya dube ni, ya dube ta. Wannan "to" ɗin, ba wanda ya ba shi irinsa tun da ciwon ya fara.

Ta ce tana zargin nasa ba irin na yawancin tsofaffi ba ne. Akwai gwajin da ba a yi a nan, sai an aika jini Yamai. Aka ɗiba, aka sallame mu da allura. Da muka koma ganinta, ni da shi da Baba Babba, amsa ta dawo.

Ta yi mana bayani a hankali. A bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka mai yin insilin, abin da ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga jiki. Yawancin masu ciwon nan da girma, tsokar tana nan tana aiki, jikin ne ya yi taurin kai, shi ya sa ƙwayoyi ke taimakonsu. Na Kaka daban ne. Sojojin jininsa, waɗanda aikinsu kare shi daga cuta, su ne suka juya suna kashe masu yin insilin ɗin, kaɗan-kaɗan. An fi sanin wannan ga yara, amma yana kama manya, yana tafiya a hankali har a ɗauka ɗayan ne. In hakan na faruwa, ana samun wasu alamu a cikin jini, antikor suke ce musu. An neme su a jinin Kaka, an same su.

Kaka ya ce, "Wato karnukan garke ne sunka juya kan 'yan raguna."

"Kusan haka, Baba. Abin da muka gani ma ba haƙoransu ba ne, sawunsu ne. Kuma irin wannan sawu yakan riga ƙishirwa zuwa da shekaru."

"Wa ya sa su?"

"Ba mu gama sani ba. Amma ba shayi ba ne, ba dabino ba ne. Ƙwayoyin da aka yi ta ba ka, matsar abin da ya kusa ƙarewa suke yi. Ko ruwa kaɗai kake sha, lambar sai ta hau."

Baba Babba ya gyara zama. "To, likita, ƙamshin bakin fa? Mu duka mun ji shi."

"Jiki in ya rasa insilin, yunwa yake ji ko da jini cike da sukari. Sai ya koma cin kitsensa. Wannan ne ke fita ta numfashi da ƙamshi. Ranar da kuka ji shi, ranar ya kamata ku kawo shi da gudu."

Kaka ya yi wata 'yar dariya da ban so ba. "Ashe ni ne nike dahuwa."

A mota, hanyar komawa, mun wuce Sabon Maci. Gero ya fara kai gwiwa, kore shar har iyakar gani. Can Kaka ya ce wa Baba Babba, ba tare da ya juya ba:

"Ran kasuwa ka tahi da ni. Ka tsaya inda ka hwaɗi waccan magana, ka hwaɗi wagga."

"In sha Allahu, Baba. Bari ka ƙara samun ƙarhi."

Abin da ya roƙa ke nan, bai roƙi komai bayansa ba. Baba Babba ya dawo masa da buta da kofuna, ya sayo sabuwar tukunya aka binne cikin jiƙaƙƙen yashi don insilin ya yi sanyi, ya koyi yin allurar da hannunsa. Ya yi komai ban da wannan. Kowace kasuwa akwai dalili: kaya sun iso, rana ta yi zafi, ƙafar tsohon ta kumbura. A gida ma ba a sake tada maganar ba. Gwaggo ta ce likitocin birni ba sa rasa abin faɗa, ita dai hancinta bai taɓa yaudararta ba.

Kaka ya ɗan yi kumari. Wata rana har ya ce mini, "Amarya, kin ga na yi ƙiba? Yanzu sai ki dawo ɗakinki." Amma shekarun da aka ɓata sun riga sun taɓa ƙodarsa da idanunsa. Butar tana gefensa, bai hura mata wuta ba, ya ce ba ya dafa wa mutanen da ke kallon bakinsa. Duk ranar kasuwa yakan sa a naɗa masa rawani tun da safe, ya zauna a zaure yana jin kukan shanu ana kora su. In rana ta karkata sai ya ce a kwance. Bayan girbi, wata safiya, ya cika.

Ranar sadakar bakwai Baffa ya iso. Labari ya same shi a makare, can bayan Tagriss. Ya tsufa ƙwarai, yana tafe yana dogara sanda. Ya zauna cikin maza a rumfa, wadda zana kaɗai ta raba ta da ƙofar ɗakin Iya. Ina ciki tare da ita. Tana takaba, kanta a sunkuye, tun ranar rasuwar ba wanda ya ji muryarta sai in ya kai kunne.

Bayan an yi addu'a muka ji Baffa yana cewa, da Hausarsa mai karyewa, "Na biyo ta kasuwa, na ji wata magana a kan aminina. Ban karɓa ba. Kai ne babba, kai za ka gaya mini. Ya ci a ɓoye?"

Ga dillalai nan zaune, ga liman, ga maƙwabta, ba sai an je kasuwa ba.

Baba Babba ya yi gyaran murya. "Baffa, kwana ne ya ƙare. A bar tone-tone. Addu'a yake buƙata."

"Haka ne, haka ne," in ji muryoyi, da sauri, kamar an sauke musu kaya.

Sai na ji Iya ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta je ta tsaya jikin zana. Muryar da ta fito ban san tana da ita ba.

"Bai ci ba! Ku ji ni da kyau. Ni na shinshina bakinshi, ni na kira yara. Ciwo ne munka ji, munka ce dabino. An auna jininshi, an ga abin da ke cin shi, ɗana yana zamne aka hwaɗa. Mutumen nan bai yi muna ƙarya ba. Mu munka yi mishi."

Gwaggo ta rugo ta kama hannunta. "Iya! Takaba kike, maza na ji!"

"Takabar wa nike? Ba tashi ba? Sake ni."

Daga rumfa wani ya ce Allah shi jiƙan shi, da ƙaramar murya, sauran suka ce amin suna kallon tabarma. Ta ramin zana na ga Baba Babba ya rufe fuska da hannu. Ban san ko kuka yake ba, ban kuma damu in sani ba.

Baffa ya dogara sandarsa ya tashi. "Na ji, uwar gida. Ya isa."

Bai koma daji ba sai da kasuwa ta ci. An ce ya tsaya a tsakiyar dillalai da rana tsaka, ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Fillanci don mutanen daji su kai gaba. An ce wasu sun saurara, wasu suna ta cinikinsu. Baba Babba yana shago ranar, kaya sun iso.

Ya Allah, Kai da ba Ka buƙatar a auna jini kafin Ka san mai gaskiya, Ka karɓi bawanKa da maganarsa yadda ya faɗe ta. Ka sanyaya masa ƙasa, Ka shayar da shi abin da ba mai ƙwace masa. Mu da muka rage kuma, Ka yi mana da sauƙi, don tsohon ya tafi ba mu nemi gafararsa ba.